Hoton Ƙofar Kaka Stoyka

Valencia, 4 ga Yuni

Kawu Lyuben,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya gwiwar taka? Yaya Kaka Stoyka, tarin nan ya sake ta kuwa? Ni lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da ya fara tun yanzu. Na ba Gancho, direban motar da ke zuwa gida, wannan takarda tare da man zaitun kwalba biyu da maganin shafawa. Da kana yarda da waya da na huta da rubutu, amma na san amsarka: kunne ya yi nauyi, kuma ba ka son magana da wanda ba ka ganin bakinsa.

Shawara nake nema, na fi sati ina juya yadda zan fara. Maganar kyamararka ce, tsohon yayin nan mai madubi a ciki, wadda ka rataya mini a wuya ranar da zan taho. Da ita nake aiki a ɗakin hoton Amparo, matar da ta ɗauke ni. Hotonta ba shi da laifi. Nauyinta da ƙararta ne suka ishe ni. Ranar Asabar a coci, wuri ya yi tsit, ango na sa wa amarya zobe, na danna, madubin ya yi ƙwas. Fada ya juyo ya zuba mini ido ta saman tabarau. Na ji kamar in nutse.

Kawu, masu hoton nan duk sun koma sabuwa marar madubi. Ba ta ƙara ko kaɗan. Ba ta gajiyar da wuya, tana bin idon mutum da kanta ko yana tafiya, tana gani a cikin duhun coci. Laifinta ɗaya na sani, shan batir. Akwai mai shago a unguwarmu da ya ce zai karɓi taka, in cika masa da ɗan abin da na tara, ya ba ni sabuwar.

Ban yi komai ba tukuna. Kai ka koya mini riƙe ta, ba zan rabu da ita ban ji daga bakinka ba. A gaida Kaka, a ce mata ina nan tafe bikin gari a watan Agusta.

'Yarka,
Zdravka

*

Lipen Dol, 19 ga Yuni

Zdravka,

Saƙonki ya iso, mun gode. Gwiwa tana nan yadda kika barta. Tarin Tsohuwa ya tafi, faɗa ya dawo, wato ta warke. Shamuwar kan rufin coci ta ƙyanƙyashe uku bana.

Kin tambaye ni abin da ban sani ba. Ban taɓa riƙe marar madubi ba. Abin da aka gaya mini, in ka leƙa cikinta ɗan talabijin kake kallo, alhali a mai madubi mutumin kake gani da idonka. Ƙarar da fadanku ya harare ki a kanta kuwa, shekara arba'in ina cin abinci da irinta, tun zamanin fim, ba wanda ya taɓa harara ta. Amma ni wane ne? Tsoho ne mai rawar hannu, wanda bai taɓa wuce birnin Sofiya ba. Kyamara taki ce tun ranar da na ba ki. Ki yi yadda kika ga dama da ita.

Ga maganar da ta fi wannan. Tsohuwa ta ce lokacin hoton ƙofarta ya yi, wanda za a sa a takardar rasuwarta. Kada ki tsorata, ras take, jiya ma ita ta kori akuyar maƙwabciyarmu Keva daga lambu. Abin da ya tunzura ta takardar rasuwar ɗan garinmu Marin ce. 'Ya'yansa ba su tanadi hoto ba, sai suka sa na katin shaidarsa. Ga shi nan an liƙa a ƙofar gidansa, da jikin bishiyar dandali, da ƙofar coci, ya zaro ido kamar wanda aka kama da kazar mutane. Haka za a sake liƙa shi ranar arba'in, da wata shida, da shekara. Tsohuwa ta ce ita kam ba za ta tsaya a ƙofarta da fuskar da ba ita ta zaɓa ba.

Ta fito da kallabin nan mai furen ja daga ƙasan akwati, ta shanya shi ya sha iska. Ta ce ke za ki ɗauka ranar bikin gari, wai ni hannuna rawa yake, zan mayar da ita mutum biyu. Kin san yadda take son abinta.

Kawunki,
Lyuben

*

Valencia, 2 ga Satumba

Kawu,

Na iso lafiya. Ina fata kana lafiya. Kaka kuma ban san ko ina da bakin tambayar lafiyarta ba, amma ina tambaya.

Kwana huɗu muka yi a gida ɗaya bayan abin, ban iya haɗa ido da kai ba. Kana wurin yankan rago a bayan coci lokacin da ya faru, ƙarshensa kawai ka tarar. Na san Gwaggo Keva ta ba ka nata labarin. Ga nawa, ba zan rage komai ba.

Da na karanta “ki yi yadda kika ga dama”, izini na ɗauka, washegari na je na yi musayar. Yanzu da nake sake karantawa ina jin muryarka a ciki, na gane ba izini ba ne, ranka ne ya sosu. A lokacin abin da nake so in ji shi na ji.

Ranar bikin, tun da safe nake bin Kaka da kyamarar. Haka muke yi a nan. Amarya na shiri, muna ɗauka: tana wanke fuska, ana gyara mata kai, tana hamma. Waɗannan hotunan ma su aka fi so. Hannuna ya saba, ban ko yi tunani ba. Na ɗauke ta a bakin famfo kanta a buɗe, ɗan gashin da ya rage ya manne a fatar kai. Na ɗauke ta tana laluben haƙoranta a cikin kofi. Ba ta sani ba, don ba abin da ya yi ƙara.

Da ta gama shiri ta zauna a kujera ƙarƙashin rumfar inabi. Baƙar riga, kallabi mai furen ja. Gwaggo Keva da mata biyu suna kan benci suna kallo. Kaka ta miƙe baya, ta ɗora hannu a gwiwa, ta ja numfashi ta riƙe.

“To, ɗauki,” in ji ta ta gefen baki.

“Ai na ɗauka, Kaka.”

“Yaushe?”

“Yanzu. Har goma sha biyu.”

“Ke 'yar nan, ni za ki mayar sakarya? Shekarata tamanin da tara, amma kunnena ras yake. Ban ji komai ba.”

Ta sake gyara zama, ta sake riƙe numfashi har fuskarta ta yi ja, tana jiran ƙwas. Sai na tuna akwai ƙarar ƙarya da ake kunna wa kyamarar. Na kunna. Ta yi wani ɗan tsut.

Gwaggo Keva ta ce, “Wannan kyamara ce ko ɗan tsako?”

Suka bushe da dariya. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni. Na ce bari in nuna musu aikin ɗan tsakon, na miƙa wa Gwaggo Keva kyamarar ta ga hoton a gilashin baya. Ta ce kai, ya yi kyau. Sai ta sa yatsa ta ja baya, yadda jikokinta suka koya mata a waya. Ta ja, ta ja. Sauran biyun suka leƙo. Dariya ta ɗauke.

Kaka ta miƙo hannu aka ba ta. Ta daɗe tana kallon kanta a bakin famfo, baki a lotse, kai a buɗe. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, “Wa ya ba ki wannan?”

Na ce zan goge. Ta ce, “Kakanki ya rasu bai taɓa ganina haka ba. Yau Keva ta gani.” Ta ajiye kyamarar a kan kujera ta shige ɗaki. A nan ka shigo da nama a hannu.

Kawu, a gidan nan na girma. Na sha ganinka kana jira mutum ya gyara wuyan riga, ya ce to, sannan ka danna. Kowa a Lipen Dol ya san kafin ƙarar nan fuskarsa tasa ce, sai ya ji ta ne ya san ya bayar. Ni ma na sani. Shekara uku a garin mutane ta mantar da ni.

Ranar da zan taho na tarar da banitsa, burodin nan mai cuku da Kaka ke gasawa, a jakata, da ɗuminta. Amma ba ta fito ba, ba ta watsa mini ruwan sa'ar tafiya a bakin ƙofa ba. Tun ina zuwa makarantar firamare ban taɓa fita tafiya ban taka ruwanta ba. Na tsallake busasshen dakali na shiga motar Gancho.

Ta ce wani abu game da hoton? Za ta yarda a sake?

Zdravka

*

Valencia, 15 ga Oktoba

Kawu,

Gaisuwa. Ina fata sanyi bai tayar da gwiwar ba. Sau uku Gancho ya zo, sau uku ina tsaye a tasha, ya buɗe hannu ya ce ba takarda. Ya ce ya ga Kaka tana gasa tattasai a tsakar gida, da wannan nake rarrashin kaina.

Na koma wurin mai shagon. Taka ta tafi tun watan Yuli, bai ma tuna wanda ya saya ba. Na bi shagunan tsofaffin kaya har na sami irinta sak a wani lungu. Na kara ta a kunne na danna sau uku, mai shagon yana kallona kamar taɓaɓɓiya. Muryar ɗaya ce. Ga ta nan a kwali, na naɗe ta da rigar sanyin da na saya maka. Na cika batir.

Ba ni da fuskar da zan ce ni zan ɗauka. Ka ɗauke ta da kanka, ka ɗora kyamarar a kan sandar nan mai ƙafa uku, rawar hannu ba za ta hana ba.

Hotunan safiyar nan na goge su duka. Na kan kujera goma sha biyun ne na kasa.

Ko layi ɗaya ne, ka rubuto.

Zdravka

*

Lipen Dol, 21 ga Nuwamba

Zdravka, 'yata,

Ina gaishe ki. Ni da sauƙi. Tsohuwa na kwance, zan zo kan wannan.

Kin ɗauka fushi ne ya hana ni rubutu. Kunya ce. Da na rubuta miki a fili cewa kada ki rabu da ita sai kin ɗauki kakarki, da duk wannan bai faru ba. Na tsaya jan aji irin na tsofaffi, ina so ki gane da kanki. Sau biyu na ɗauki biro na ajiye.

Kwalin ya iso. Na ajiye kyamarar a kan tebur ban ce komai ba. Kwana biyu Tsohuwa na wuce ta kamar ba ta gani. Rana ta uku ta ce, “Wannan tana magana?” Na danna mata. Ta ce, “Hm.” Da Lahadi ta zo, bayan coci, sai ga ta da kallabin.

Ta ce lallai a kira Keva, wadda ta ga na farko ta ga na biyu. Ta ce a wuri ɗaya, kujera ɗaya, riga ɗaya. Na ce, “Tsohuwa, Nuwamba fa ake, ki ɗora mayafin ulu.” Ta ce, “In tsaya a ƙofata shekara da shekaru a dunƙule kamar buhun dankali? Yi aikinka.”

Na kafa ƙafa uku. Ta miƙe baya, ta ja numfashi, ta ce to. Na danna. Kunnena bai ji sosai ba, amma na ji bugun madubin a yatsana, wallahi har idona ya kawo ruwa. Tsohuwa ta saki numfashi ta ce, “Wannan kam na ji.” Ta juya ta ce, “Keva, kin ji?” Keva ta ce ta ji.

Yanzu ga nawa abin kunyar. Da na danna, wani jan rubutu ya fito a gilashin baya. Na gan shi dishi-dishi. Tabarauna na cikin aljihu. Amma Keva ta daɗe tana yawo da ni a gari wai Lyuben ya makance, na ce ba zan sa tabarau a gabanta ba. Na rufe kyamarar na ce aiki ya yi kyau.

Ranar Juma'a na shiga birni wurin masu wanke hoto. Yarinyar shagon ta buɗe ɗan murfin gefe, ta leƙa, ta ce, “Baba, ina katin?”

Babu katin ajiye hoto a ciki, Zdravka. Ƙara kawai na ɗauka. Shekara arba'in a sana'a, ban duba ba. Yarinyar ta yi ta ba ni haƙuri, haƙurin nan ya fi zagi ciwo. Na zauna a tasha har motar farko ta tafi ta bar ni.

Da na dawo na ce wa Tsohuwa ana wankewa, sai wani satin. To zaman nan da ta yi a cikin iska ya sauka mata a ƙirji. Likita ya zo sau biyu. Ba mai sake fitar da ita tsakar gida bana, kuma ba zan ɗauke ta a kan gado ba, ba za ta ma yarda ba. Kullum da safe sai ta ce, “Ina hoton?”

Kin ce goma sha biyu suna nan. Ki zaɓi ɗaya ki wanke, ki ba Gancho. Kujera ɗaya ce, kallabi ɗaya. Zan ce nawa ne. Na san abin da nake roƙonki: ki taya ni yi wa uwata ƙarya, kuma ki ba ni aikinki in sa sunana. Ban ga wata hanya ba.

Kawunki

*

Valencia, 28 ga Nuwamba

Kawu,

Allah ya ba Kaka lafiya. Na nemi hutu, Amparo ta ce sai bayan bukukuwan Disamba. In abu ya yi tsanani ka sa Gancho ya kira ni, zan bar aikin in taho.

Katin laifina ne. Masu sayar da tsofaffin kaya suna cire shi, na sani sarai. Hankalina duk yana kan ƙarar, na cika batir na manta abin da ke riƙe hoton.

Ga shi nan a tsakanin kwali biyu, kada ya lanƙwashe. Na bakwai na zaɓa. A nan ne ta riƙe numfashi karo na biyu, tana kallona, tana jira in yi abin da na riga na yi. Ba na iya daɗewa ina kallonsa. Ka sa sunanka, ni ban cancanci a ce nawa ba ne.

Zdravka

*

Lipen Dol, 19 ga Disamba

Zdravka, 'yata,

Gancho ya ce ya kira ki, kin ji. Allah ya ba mu haƙuri. Kada ki zargi kanki don ba ki iso ba. Da safe Tsohuwa ta sha madara, kafin rana ta yi tsaka ta tafi, washegari aka binne ta kusa da kakanki. Ko tsuntsuwa ce ke ba za ki riske ta ba. Akwai abin da ba zan ba direba ya faɗa miki ba, shi ya sa na zauna rubutu.

Ranar da hoton ya iso na kai mata a gado. Na ce, “Ga shi, an wanke.” Ta ce in ɗaga ta, in ba ta tabarau. Ta kai shi kusa da taga. Ni ina tsaye ina gyaran murhu wanda ba abin da ya same shi.

Ta ce, “Ya yi kyau.”

Na ce, “Ai na gaya miki.”

Ta ce, “Lyuben, ikon Allah. Ka ga inabinmu ya yi ganye shar a watan Nuwamba. Har da 'ya'ya.”

Zdravka, ni da ke, masu hoto biyu, ba wanda ya kalli saman kanta. Ranar da na ɗauke ta rumfar nan ƙarafa ne da busassun rassa. Na tsaya da itace a hannu, ina da shekara sittin da takwas, kamar ranar da ta kama ni da sigarin babanmu. Na gaya mata komai, har maganar tabarau. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, “Ashe gaskiyar Keva ce.”

Na ce to in nemo kati in ɗauke ta ko a zaune a bakin gado. Ta ce a'a. Ta sake duban hoton ta ce, “Wannan za a liƙa. A nan jikata nake kallo. Kai ban taɓa yi maka irin wannan kallon ba.”

Shi aka liƙa. Yana ƙofar gida, yana jikin bishiyar dandali, yana ƙofar coci kusa da Marin. Mutane suna tsayawa. A wurin cin abincin makoki Keva ta ce a gaban kowa, “Kun ga aikin tsohon hannu da tsohuwar kyamara, ba irin na ɗan tsako ba.” Na so in yi shiru, ba zan ɓoye miki ba, yabon ya yi mini daɗi. Sai na tashi na sa tabarauna a gabanta, na ce ta je ta ƙirga ganyen inabin.

Tun watan Yuni kika tambaye ni wadda za ki riƙe, ban ba ki amsar kirki ba. Ki riƙe sabuwar, ta fi. Mai madubin ki bar mini, ina danna ta wani lokaci in ji ta a hannu. Abu ɗaya kawai: tunda taki ba ta da baki, ke ki zama bakinta. Ki riƙa cewa za ki ɗauka, ki jira a ce miki to.

Arba'in ya faɗo ranar ashirin da uku ga Janairu. Za a sake buga takardar, ki zo ki liƙa ta ƙofar gida da hannunki. Tsohuwa ta bar mini saƙo a kanki, ta sa na maimaita don ta san kunnena. Ta ce ranar da za ki koma in watsa miki ruwa kofi biyu a bakin ƙofa. Ɗaya na tafiyar, ɗaya na watan Agusta.

Kawunki,
Lyuben